Abinci da Kitsen Jini: Tarihin Wata Doguwar Muhawara

A farkon ƙarni na ashirin, idan dattijo ya dafe ƙirji ya faɗi matacce, likitocin Turai ba sa neman dalili mai nisa. A wurinsu taurin jijiyoyin jini alamar tsufa ce, kamar furfura da zubewar haƙori, abin da babu makawa sai ya zo. Kaɗan ne suka yi tsammanin cewa abin da ke cikin akushi yana da hannu a ciki. Kafin masana su yarda cewa cimar mutum tana ɗaga ko sauke yawan kitsen da ke yawo a jininsa, kuma kitsen nan yana iya toshe hanyar jini zuwa zuciya, sai da aka shafe fiye da shekara sittin ana ja-in-ja. Wannan tarihi ya cancanci a bibiye shi, domin har yau da sakamakonsa ake gindaya wa manya dokar abinci a asibiti.

Sinadarin da ake kira kolestarol ya daɗe a littattafan kimiyya kafin a zarge shi da kisa. A cikin tsakuwar da ke taruwa a matsarmama aka fara ganinsa, kuma a shekarar 1815 masanin sinadarai ɗan Faransa, Michel Chevreul, ya raɗa masa suna daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin ruwan matsarmama da abu mai tauri. Jiki ba ya rayuwa sai da shi, domin da shi ake gina bangon ƙwayoyin halitta, kuma jikin da kansa yake ƙera mafi yawan abin da yake buƙata, musamman a hanta.

Zargin farko mai hujja ya fito ne daga birnin St. Petersburg na Rasha a 1913. Wani matashin likitan soja, Nikolai Anichkov, ya narkar da tsantsar kolestarol a cikin man sunfulawa ya riƙa ɗura wa zomaye. Da ya feɗe su, sai ya tarar jijiyoyinsu sun yi dasashin kitse irin wanda ake gani a gawarwakin mutane. Amma sauran masana suka yi watsi da binciken. Hujjarsu ita ce zomo ciyawa yake ci, bai saba da kitsen dabba ba, kuma da aka gwada a kan karnuka da ɓeraye ba a ga irin wannan illa ba. Haka maganar ta kwanta shekaru masu yawa.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya tayar da ita. A ƙasar Norway, lokacin da Jamus ta mamaye ta daga 1940 zuwa 1945, man shanu da nama da ƙwai sun yi ƙaranci, mutane suka koma ga kifi da dankali da hatsi. Da aka duba rajistar mace-mace bayan yaƙi, sai aka ga mutuwa ta dalilin cututtukan zuciya da jijiyoyi ta ragu a shekarun ƙunci, ta kuma sake hawa da wadata ta dawo. A Amurka kuwa, inda ciwon zuciya ya zama babban makashin maza, gwamnati ta fara bibiyar lafiyar mutum 5,209 a garin Framingham a 1948. A 1961 masu wannan bincike suka bayyana cewa yawan kolestarol a jini da hawan jini suna cikin abubuwan da ke nuna wanda ciwon zuciya zai kama tun yana ganin kansa lafiya lau. Kafin nan, bugun zuciyar da ya kwantar da Shugaba Eisenhower a watan Satumban 1955 ya riga ya fitar da zancen daga ɗakin bincike zuwa bakin jama'a.

Mutumin da ya ɗaura wannan zance da abinci shi ne Ancel Keys na Jami'ar Minnesota. A farkon shekarun 1950 ya ziyarci Naples ta Italiya, ya auna jinin ma'aikata talakawa masu cin taliya da ganye da man zaitun, ya ga kolestarol ɗinsu bai kai na 'yan kasuwar Minnesota ba. A 1953 ya wallafa wani jadawali na ƙasashe shida da ke nuna cewa inda aka fi cin mai, nan aka fi mutuwa da ciwon zuciya. A 1957 wasu masana biyu, Yerushalmy da Hilleboe, suka ƙalubalance shi cewa akwai alƙaluman ƙasashe 22, kuma idan aka haɗa su duka alaƙar ba ta kai ƙarfin da ya nuna ba. Sukar tana da tushe, kuma ta tilasta neman hujja mafi inganci.

A 1958 Keys da abokan aikinsa suka fara bibiyar maza fiye da 12,000, 'yan shekara 40 zuwa 59, a ƙasashe bakwai: Amurka, Finland, Holan, Italiya, Yugoslabiya, Girka da Japan. Abin da ya fito ya gyara tunanin farko. Mutanen tsibirin Crete na Girka suna cin mai da yawa, amma man zaitun ne, kuma suna cikin waɗanda ciwon zuciya ya fi ƙaranci a wurinsu. Mutanen gabashin Finland, masu cin man shanu da madara mai maiƙo da nama mai kitse, su ne suka fi kowa yawan kolestarol, suka kuma fi kowa mutuwa. Ashe irin man ya fi yawansa muhimmanci. Kitsen da ke daskarewa idan ya huce yana ɗaga kolestarol, yawancin man tsirrai mai zama ruwa kuwa yana sauke shi idan ya maye gurbin wancan.

A gabashin Finland ɗin nan aka yi gwajin da ya fi kowanne ɗaukar hankali. Lardin Karelia ta Arewa yanki ne na manoma makiyaya da masu saran katako, ƙarfafan mutane da ba su san zaman banza ba, amma maza 'yan arba'in da hamsin suna ta faɗuwa suna barin zawarawa da marayu. A 1971 shugabannin lardin suka rubuta wa gwamnatin ƙasa takardar koke suna neman agaji. A 1972 aka ƙaddamar da shiri ƙarƙashin wani likita, Pekka Puska. Da yake cutar ta game gari, shirin ya fuskanci al'umma gaba ɗaya. Aka shiga ƙungiyar matan gida ta Martta ana koyar da girki da man tsirrai da kayan lambu. Aka lallashi kamfanonin madara da na nama su rage kitse da gishiri, aka ƙarfafa wa wasu makiyaya guiwa su koma noman 'ya'yan itatuwa, har gasa aka riƙa shiryawa tsakanin ƙauyuka don ganin wanda zai fi sauke kolestarol ɗin mutanensa. A 1977 aka faɗaɗa shirin zuwa ƙasar baki ɗaya. Cikin kimanin shekara arba'in, matsakaicin kolestarol na mazan lardin ya sauka da kusan kashi 20 cikin 100, mutuwar maza masu shekarun aiki ta dalilin ciwon zuciya kuma ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100. Adalci ne a ce raguwar shan taba da saukar hawan jini da ingantuwar magani duk suna da nasu kaso a wannan nasara, amma masu binciken sun lissafa saukar kolestarol a matsayin babban ginshiƙinta.

Ana cikin haka aka gano yadda abin yake faruwa a cikin jiki. Michael Brown da Joseph Goldstein, a birnin Dallas, sun nuna cewa ƙwayoyin jiki suna da wasu ƙofofi da ke janye nau'in kolestarol mai illa, wanda ake kira LDL, daga cikin jini. Wannan aiki ya ba su lambar Nobel a 1985. Daga baya aka tabbatar cewa kitse mai daskarewa yana rage aikin ƙofofin nan a hanta, sai LDL ya taru ya riƙa maƙalewa a bangon jijiya. Binciken ya kuma bayyana dalilin da ya sa wasu suke gadon cutar, kimanin mutum ɗaya cikin 250, waɗanda ƙauracewa kitse kaɗai ba ta isar musu sai da magani.

Sai dai garin gyaran gira an kusa rasa ido. Da aka tsoratar da mutane daga man shanu, da yawa suka koma ga majarin, wato man tsirrai da aka daskarar a masana'anta. A 1990 masana biyu a Holan, Mensink da Katan, suka nuna cewa kitsen da ke samuwa ta wannan daskarwa yana ɗaga LDL, yana kuma sauke nau'in HDL. Denmark ce ta fara taƙaita shi da doka a 2003. Haka nan a 2016 aka bankaɗo takardun da ke nuna cewa masana'antar sukari ta Amurka ta biya wasu masanan Jami'ar Harvard kuɗi kan wani nazari da aka wallafa a 1967, wanda ya sassauta wa sukari ya ɗora laifi a kan kitse. Ƙwai ma ya sha zargi fiye da laifinsa: a 2015 jagorar abinci ta gwamnatin Amurka ta janye iyakar miligiram 300 na kolestarol a rana, domin a yawancin mutane kolestarol ɗin da ke cikin abinci ba ya ɗaga na jini kamar yadda kitse mai daskarewa yake yi.

Akwai kuma al'ummun da suka ƙi shiga lissafin kai tsaye. Wani bincike da aka wallafa a 2001 kan Fulani makiyaya na tsaunukan Jos ya samu cewa duk da yawan nono da man shanu a cimarsu, kitsen jininsu bai wuce ƙima ba. Masu binciken sun danganta hakan da ƙarancin abin da suke ci gaba ɗaya, da doguwar tafiyar kiwo. Wannan bai rushe abin da aka gani a Karelia ba, inda masu aikin ƙarfi ma ba su tsira ba, amma ya nuna cewa ba a yanke wa abinci hukunci sai an dubi yawansa da rayuwar mai cinsa. Wanda ya bar ruga ya zauna a ofis, ya riƙe man shanun ya ƙara da soye-soye da lemon kwalba, bai gaji kariyar kakanninsa ba.

Abin da shekaru ɗari na gardama suka tace bai da yawa, amma ya tsaya da ƙafarsa. Yawan LDL a jini yana toshe jijiya. Irin man da ake ci yana motsa shi sama ko ƙasa. Abin da aka sa a gurbin kitsen da aka bari shi ke yanke ko an ci riba ko an yi asara. Kuma tun da ciwon ba ya sallama kafin ya shigo, awon jini ne kaɗai ke gaya wa baligi inda ya tsaya. Mutanen Karelia ba su jira masana sun gama muhawara ba. Da hujjar da ke hannu a 1972 suka sauya abin da ke cikin tukunyarsu, kuma 'ya'yan mazan da suka mutu suna da shekara hamsin sun rayu sun ga jikokinsu.