Sauya Adireshi da Rabon Mashigai a Ƙwayar Linux: Nazari Daga Riruwai da Kudancin Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi yadda ƙwayar Linux, wato ɓangaren manhajar sarrafa na'ura da ke kula da shige da ficen bayanai, take sauya adireshin intanet tare da raba lambobin mashiga, sannan ta auna abin da hakan ke haifar wa mazauna Riruwai, hedikwatar ƙaramar hukumar Doguwa, da na Tudun Wada da Kiru da Bebeji, inda wayar hannu ce babbar hanyar shiga intanet.

Tushen matsalar

Tsarin adireshi na IPv4 ba ya ɗaukar fiye da adireshi biliyan 4.3, kuma tun a watan Fabrairun 2011 hukumar IANA ta raba ragowar abin da ke hannunta, yayin da AFRINIC, mai rabon adireshi a Afirka daga Morishiyos, ta shiga matakin tsimi a 2017. Dabarar da ta hana intanet tsayawa ita ce NAT, wadda Kjeld Egevang da Paul Francis suka bayyana a 1994 a matsayin maganin wucin gadi: na'urori da yawa su riƙe adireshin cikin gida, na'ura ɗaya a bakin ƙofa ta sauya musu shi da adireshin da duniya ta sani.

Yadda ƙwayar ke aiki

A ɗauki mai shagon buga takardu a Riruwai wanda ya kunna hotsfot a wayarsa ta Android, wadda a kan ƙwayar Linux aka gina ta, domin kwamfutarsa ta samu data. Kowane ƙunshin bayani da ya fita daga kwamfutar yana ɗauke da adireshin mai aikawa da na mai karɓa, da lambar mashiga ta kowanne, wato lambar da ke bambance zance ɗaya da wani a kan adireshi guda, kuma ba ta wuce 65,535 ba. Da ƙunshin farko ya iso wayar, sashen netfilter, wanda Rusty Russell ya assasa kuma ya shiga Linux 2.4 a 2001, zai goge adireshin kwamfutar ya maye gurbinsa da na wayar, sa'annan ya rubuta abin da ya yi a rajistar conntrack, domin idan amsa ta dawo a san mai ita. Ƙunshin farko ne kaɗai ake yanke wa hukunci. Sauran kuwa, rajistar suke bi. Ƙwayar tana ƙoƙarin barin lambar mashiga yadda take, ba ta sauya ta sai idan wani zance ya riga ya kama wannan lamba zuwa wuri guda.

Sai dai adireshin wayar ma galibi ba na fili ba ne, domin kamfanonin sadarwa kan sake yin wani sauyin a cibiyoyinsu, inda dubban masu layi ke tarayya a adireshi kaɗan. Saboda wannan ne aka ware rukunin 100.64.0.0/10 a 2012. Ke nan saƙon mai shagon ya sauya suna sau biyu kafin ya isa sabar da aka nufa.

A nan mashiga take zama kayan gabas. Idan jama'a masu yawa suka nufi saba ɗaya ta mashiga 443, wadda shafuka masu tsaro ke amfani da ita, lambobin da za a raba musu kan yi ƙaranci, shi ya sa ake yanka wa kowane layi kasonsa, ake kuma gajarta wa'adin zancen da ya yi shiru. Linux kanta tana riƙe zancen TCP da ya ƙullu har kwana 5, amma na UDP da bai samu amsa ba daƙiƙa 30 kacal, kuma idan rajistar ta cika sai ta fara zubar da sababbin ƙunsa. A yankin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, kamar hanyar da ta ratsa dajin Falgore, wannan yana da nauyi: wayar da ta rasa sabis ta dawo na iya tarar da an share rubutunta, dole ta sake ƙulla zance daga farko, ita kuwa manhaja tana ta aika ƙananan saƙonni don kada a manta da ita, wanda ke cin caji a wurin da caji ba banza yake samuwa ba.

Abin da ya fi damun wannan nazari shi ne hanyar shigowa. Tunda rajista ba ta buɗuwa sai na ciki ya fara magana, duk saƙon da ya zo daga waje ba tare da gayyata ba, babu wanda za a miƙa wa. Mai haƙar kuza da ya sa kyamara a wurin aikinsa ba zai iya leƙa ta kai-tsaye daga Kano ba, sai ta hanyar sabar wani kamfani, galibi a ƙetare; makaranta ko asibiti ma ba za su ajiye bayanansu a saba tasu a kan irin wannan layi a same su daga waje ba. Wannan ba ƙaramar tawaya ba ce ga garin da ke nesa da birni.

Tsarin IPv6, wanda aka wallafa daftarin fasalinsa a 1998, ya wadatu da adireshin da zai ishi kowace na'ura, kuma Linux da Android sun daɗe da iya shi. Abin da ya rage shi ne kamfanonin sadarwa su kunna shi har kan turakun da ke kudancin Kano, hukumar sadarwa ta NCC kuma ta riƙa neman bayanin inda aka kai.