Tarihin Gwagwarmayar Kare Yara Daga 'Yan Talla

Adawa da tallan da ake nufin yara da shi ta fara ƙarfi ne a Amurka, ƙasar da tun farko aka gina gidajen talabijin ɗinta a kan kuɗin 'yan kasuwa. A shekarun 1960 safiyar Asabar ta zama ta yara: a jera musu katun, a riƙa katsewa da tallan alewa da kayan wasa da abincin karin kumallo mai yawan sukari. Sau da yawa ma mai gabatar da shirin, wanda yara suka saba da shi suka yarda da maganarsa, shi ne zai ɗaga hajar ya yabe ta.

A shekarar 1968 wata uwa mai suna Peggy Charren ta tara 'yan'uwanta iyaye mata a garin Newton, kusa da Boston, suka kafa ƙungiyar Action for Children's Television, wadda aka fi sani da ACT. A 1970 suka kai ƙorafi gaban FCC, hukumar da ke kula da harkokin sadarwa, suna neman a cire talla baki ɗaya daga shirye-shiryen yara. Ba su samu haka ba, amma ba su tashi a tutar babu ba. A 1972 manyan kamfanonin da ke tallata wa yara ƙwayoyin bitamin kamar alewa suka janye tallansu, kuma a 1974 hukumar ta ce dole a raba shiri da talla a fili, ta kuma hana mai gabatar da shiri tallata kaya a cikin shirinsa.

Hujjar waɗannan iyaye guda ɗaya ce, kuma har yau ba a rushe ta ba. Babba idan ya ga talla ya san akwai mai neman kuɗin aljihunsa, sai ya auna maganar. Yaro ɗan shekara huɗu ko biyar bai ma cika gane inda shiri ya tsaya talla ta fara ba, kuma kafin ya kai wajen shekara takwas da wuya ya fahimci cewa mai tallar lallashinsa yake yi. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta jaddada hakan a rahoton da ta fitar a 2004. Ciniki da wanda bai san ana ciniki da shi ba kuwa, ko a kasuwar ƙauye, cuta ake kiransa.

Babban karo ya zo a 1978, lokacin da FTC, hukumar kare masu saye, ƙarƙashin Michael Pertschuk, ta fara duba yiwuwar haramta tallan talabijin ga ƙananan yara da kuma taƙaita tallan kayan zaƙi. Kamfanonin abinci da na kayan wasa da gidajen talabijin suka haɗa kai suka yi mata ca, jaridar Washington Post ta yi mata shaguɓe da cewa tana son zama mai renon ƙasa. A 1980 majalisar dokoki ta rage wa hukumar iko a kan tallan yara, a 1981 aka rufe maganar. Gwamnatin Ronald Reagan ta ƙara sakin linzami, har a 1984 FCC ta soke ƙa'idojinta na yawan talla. A wannan zamani ne aka cika talabijin da katun irin su He-Man da Transformers, waɗanda aka shirya domin sayar da 'yartsanar jarumansu. Shirin kansa ya zama talla ta rabin awa. Sai a 1990 aka yi dokar da ta ƙayyade talla a shirin yara: minti 12 a kowace awa a ranakun aiki, minti 10 da rabi a ƙarshen mako. Shekara biyu bayan haka Charren ta rufe ACT.

Wasu ƙasashen ba su tsaya ga ƙidayar mintoci ba. Lardin Kebek na Kanada ya haramta talla ga yara 'yan ƙasa da shekara 13 tun daga 1980, kuma da kamfanin kayan wasa na Irwin Toy ya ƙalubalanci dokar, Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar da ita a 1989. Suwidin ta hana tallan talabijin ga 'yan ƙasa da shekara 12 a 1991, Norwe ta biyo baya.

Ana cikin haka 'yan talla a Amurka suka gano wurin da yaro ba zai iya tashi ya fita ba, wato aji. A 1989 ɗan kasuwa Chris Whittle ya fara gwajin Channel One, shirin labarai na minti 12 da ke ɗauke da talla ta minti biyu. Makarantar da ta yarda ta nuna shi a mafi yawan ranakun karatu sai a ba ta aron talabijin da na'urar kama tauraron ɗan Adam. Ga makarantar da ba ta da hali, wannan tayi ne mai wuyar ƙi, kuma a lokacin da shirin ke tashe ya kai ga ɗalibai kimanin miliyan takwas. Ƙungiyoyin malamai da na iyaye suka yi tir da shi, hukumar ilimi ta jihar New York ta hana shi a makarantun gwamnati. Abin ya haɗa mutanen da ba sa ga maciji a siyasa, irin su Ralph Nader da Phyllis Schlafly, a kan magana ɗaya: doka ce ta tilasta wa yaro zaman aji, saboda haka ba daidai ba ne a sayar wa wani kamfani da lokacinsa.

Kamfanonin lemon kwalba su ma sun shiga makarantu, suna biyan kuɗi don a sayar da nasu lemon kaɗai. A 1998 wata sakandare a jihar Jojiya ta dakatar da ɗalibi saboda ya sa riga mai tambarin Pepsi a ranar da ta keɓe wa Coca-Cola, labarin da ya karaɗe duniya ya kuma nuna inda aka kai. A 2006 manyan kamfanonin suka amince su janye lemo mai cikakken sukari daga makarantun Amurka.

Daga nan matsalar ƙibar yara ta ba gwagwarmayar sabon ƙarfi, domin likitoci sun shigo cikinta. Birtaniya ta hana tallan abinci mai yawan kitse da gishiri da sukari a shirye-shiryen yara daga 2007. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwarinta a 2010, ciki har da cewa kada a tallata irin wannan abinci a makarantu da wuraren wasan yara. Ƙasar Chile ta fi kowa zafi: dokarta da ta fara aiki a 2016 ta cire hotunan katun daga kwalayen abinci mai yawan sukari, ta kuma hana saka kyautar abin wasa a cikinsu.

An rufe Channel One a 2018, amma kafin nan yara sun koma kan waya, inda dokar ƙidayar mintoci ba ta aiki. A 2019 aka ci Google da YouTube tarar dala miliyan 170 bisa zargin tattara bayanan yara ba da izinin iyaye ba don aika musu talla. Yawancin dokokin da aka sha wahalar samu an rubuta su ne domin talabijin, kuma kowace ta tsaya a kan iyakar ƙasarta, alhali bidiyon da yaro ke kallo a Boston shi ne wani ke kallo a wayar mahaifiyarsa a Kano ko Maraɗi.