Daga Magajiyar Bariki Zuwa 'Ya'yanmu Masu Kaki: Waiwaye Kan Lafiyar Matan da Suka Yi Aikin Soja

 Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. A bana mun ga ya dace mu waiwayi wani ɓangare na tarihinmu da ba a cika ambata ba, wato matan ƙasar Gumel da rayuwar soja ta shafa, da halin da lafiyarsu kan shiga idan sun dawo gida.

Yaƙi ba baƙo ba ne a wurinmu. Kakanninmu sun sha fama da dakarun Damagaram a ƙarni na 19, kuma har yau tsofaffi na ba da labarin. Amma aikin soja irin na albashi da kaki, da Turawa ya zo. A 1924 aka buɗe sansanin horar da kuratan soja a Zariya, a 1930 kuma layin dogo ya isa Nguru ta Gagarawa. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke a 1939, zamanin Sarkin Gumel Muhammadu na Kota, aka bi ta hannun sarakuna da hakimai ana neman samari. Daga cikin waɗanda aka ɗauka a Arewa akwai waɗanda suka kai har Bama a runduna ta 81 da ta 82. Mu da muka tashi a shekarun 1960 da 1970 mun riski wasunsu, ana ce musu 'yan mazan jiya, suna gadi a En'e ko suna koya wa 'yan makaranta fareti.

Sunayen waɗannan mazaje suna cikin rajistar Bature. Na matansu ba su ciki. Alhali kuwa bariki ba ya tsayuwa sai da mata. Su ke daka, su ke ɗiban ruwa, su ke jinyar soja idan zazzaɓi ya kwantar da shi, su ke bin sa duk inda aka yi masa canji. Kowane bariki yana da magajiya, shugabar matan sojoji, wadda ke sasanta rigima, tana duba tsaftar layi, tana kai kukan mata gaban hafsoshi. Sarauta ce da har yau ba ta mutu ba a barikokin ƙasar nan. Sai dai kulawar likitan Bature ga waɗannan mata ta fi karkata ga tsare lafiyar sojansa, kada ya ɗauki cuta ya kasa fita fareti. Ranar da aka sallami miji, ko aka aiko da labarin mutuwarsa, ranar ce ƙofar asibitin bariki ta rufe wa matar.

Mun san wata tsohuwa a unguwarmu, Allah ya jiƙanta, wadda ta yi magajiyar bariki a zamanin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Ta karɓi haihuwar da ba ta ƙirguwa, ta wanke raunin mazan wasu. Da ta dawo gida, idan motar dabbobi ta yi ƙara ranar Alhamis ta kasuwa, sai ta zabura ta nemi wurin ɓuya. Mu yara muka riƙa dariya, manya suka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi da rubutu. Sai da muka girma muka gane ciwo ne da likitoci suka sani, firgitar da kan bi wanda ya ga tashin hankali, kuma yana da magani. Wannan dariya tana damunmu har yanzu.

Shigar mata cikin kaki da kansu ta fara ne ta ƙofar asibiti. A 1961 Josephine Tolefe, wadda nas ce, ta zama mace ta farko da ta sami muƙamin hafsa a rundunar sojan ƙasa. A 1994 Aderonke Kale, likitar ƙwaƙwalwa, ta zama mace ta farko da ta kai Manjo-Janar, ta kuma shugabanci sashen lafiya na rundunar. Abin lura ne cewa waɗanda suka share wannan hanya masu jinyar wasu ne. A 2011 Makarantar Horar da Hafsoshi ta Kaduna ta ɗauki mata karon farko a kwas ɗin mayaƙa, a ƙarshen wannan shekara kuma Blessing Liman, 'yar jihar Kaduna, ta shiga tarihi a matsayin matuƙiyar jirgin soja. A 2018 rundunar sojan ƙasa ta kafa sashen mata na musamman.

A nan gida mun yi jinkiri, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mu da muka riƙe makarantu mun san yadda ake fama kafin yarinya ta gama aji shida, balle a ce ta ɗaura ɗamara. Duk da haka ana ba kowace jiha gurbinta a ɗaukar soja, kuma tun da aka ƙirƙiro Jigawa a 1991 'ya'yanmu mata sun fara shiga, musamman waɗanda aka haifa a birane, wato 'ya'yanku ku masu karanta wannan mujalla. Wasu nas ne, wasu akawu, wasu sun yi aiki a Arewa maso Gabas tun da rikicin Boko Haram ya tsananta daga 2009. Waɗanda suka fara shiga sun soma ajiye aiki.

To, me mace irin wannan take bukata? Tana da duk abin da ɗan uwanta namiji yake da shi: ciwon baya da gwiwa saboda ɗaukar kaya masu nauyi, raunin ji saboda ƙarar bindiga, hawan jini da ciwon suga idan shekaru sun ja. Sannan tana da nata daban. Akwai awon ciki da haihuwa ga wadda ta bar aiki da ƙuruciya, akwai gwajin sankarar mama da ta bakin mahaifa, akwai laulayin ɗaukewar al'ada. Akwai kuma wanda ya fi wuyar faɗa, wato cin zarafin da wasu kan gamu da shi a bakin aiki, wanda mace ba za ta buɗe baki ta gaya wa likita namiji ba, balle a ɗakin da ake jin maganar kowa. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, in ji Hausawa. Namijin da ya dawo daga fagen fama ana zama a saurari labarinsa a majalisa. Mace kuwa sau da yawa ɓoye kakinta take yi, don kada a ce ta yi zaman bariki, kalmar da kowa ya san nauyinta a bakin mutanenmu. Wadda ta ɓoye aikinta ba za ta je ta nemi haƙƙin da aikin ya ba ta ba.

Ba mu kaɗai muka yi wannan sakaci ba. Amurka, da duk arzikinta, ta ba mata gurbin dindindin a soja tun 1948, amma sai a 1994 ta kafa cibiya ta musamman mai kula da tsofaffin sojoji mata, bayan an daɗe ana kukan cewa asibitocin 'yan mazan jiya don maza aka gina su.

A Nijeriya tanadi yana nan a rubuce. Akwai hukumar fanshon soja a Abuja, akwai ƙungiyar 'yan mazan jiya da doka ta kafa tun 1964, akwai kuma kamfanin inshorar lafiya na ma'aikatar tsaro, DHML, da aka kafa a 2005, wanda ke kula da sojoji masu aiki da waɗanda suka yi ritaya. Matsalar ita ce nisa. Babban asibitin soja na 44 yana Kaduna. Asibitin Malam Aminu Kano ya fi kilomita 100 daga Gumel. Asibitin ƙwaƙwalwa na jiha yana Kazaure, masu aikin yoyon fitsari kuma suna Jahun, inda likitocin MSF suka fara aiki a 2008. Macen da ke zaune a wani ƙauyen Sule Tankarkar ko a bakin iyaka bayan Maigatari, sai ta nemi kuɗin mota, da izinin miji, da wanda zai raka ta, kafin ta ga likitan da katinta ya ba ta damar gani. Wata tsohuwar ɗalibarmu da ta yi ritaya ta je wani asibiti da katinta, ma'aikacin ya tambaye ta ina maigidan da ke da katin. Ba ta sake komawa ba.

A ganinmu ƙungiya ba za ta gina asibiti ba, kuma ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da ba mu da shi shi ne rajista. Kowace shekara ranar 15 ga Janairu ana tunawa da 'yan mazan jiya, amma ko a ƙananan hukumominmu huɗu ba mu taɓa zama mun rubuta sunayen matanmu da suka yi kaki ba, da zawarawan sojojin da ke raye. Muna roƙon rassanmu na Kano, Kaduna, Abuja da Ikko kowanne ya naɗa mace ɗaya da za ta tattara waɗannan sunaye cikin sirri, ta duba wadda ke da katin inshora da wadda ba ta da shi, da asibitin da aka rubuta wa kowacce. Likitocinmu da nas-nas mata da ke zuwa gida hutun Babbar Salla su ware yini ɗaya a Gumel don duba su. Sakataren ƙungiya zai karɓi rahoton rassa kafin babban taro mai zuwa, in Allah ya kai mu.