Adabin Kasuwar Kano: Yadda Marubuta Masu Buga Wa Kansu Suka Samu Makaranta

Tun daga 1933, lokacin da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ganɗoki na Bello Kagara, ƙagaggen labarin Hausa na boko ya tashi ne a hannun hukuma. Ita ke zaɓar rubutu, ta tace shi, ta buga, ta kai makarantu. Haka aka ci gaba a zamanin NORLA, sannan kamfanin NNPC da aka kafa a 1966. Marubucin da bai samu shiga wannan ƙofa ba, sai dai rubutunsa ya tsufa a cikin akwati.

Al'amura sun juya a shekarun 1980. Tattalin arzikin Nijeriya ya tabarbare, darajar naira ta faɗi bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma kan littattafan makaranta waɗanda cinikinsu ke da tabbas. A daidai wannan lokaci kuma ga dubban matasa, maza da mata, waɗanda shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya koya wa karatu da rubutu, suna neman abin karantawa da harshensu. Da marubuta suka ga ƙofa a rufe, sai suka tara kuɗinsu suka nufi ƙananan maɗaba'o'i.

Ana yawan ambaton Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed cikin na farko-farko a wannan sabon yayi. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya yi farin jinin da ya sa aka san da zaman harkar ko'ina, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa kuma ta ja hankalin mata da Allura Cikin Ruwa. An fi kiran su littattafan soyayya, amma sunan ya yi musu kaɗan: a cikinsu akwai auren dole da kishi da sakin aure da ilimin 'ya mace, akwai labaran jarunta da na aljanu da na 'yan fashi. A gefensu kuma, a kan tebur ɗaya, ana sayar da littattafan addini da na girke-girke da na zaman aure, waɗanda su ma masu su ne suka buga da kansu.

To, littafin da ba shi da kamfani, ba shi da mai talla, yaya makaranci ke jin labarinsa? Hanya ta farko ita ce littafin kansa. Marubuta sun haɗu cikin ƙungiyoyi, fitacciyar cikinsu ita ce Raina Kama ta Kano, kowanne yana jera sunayen littattafan 'yan'uwansa a shafukan ƙarshe, ta yadda wanda ya sayi ɗaya ya san da goma. Rarraba labari zuwa na ɗaya da na biyu da na uku ma dabara ce: cinikin na farko ke biyan kuɗin buga na biyu, makaranci kuma ya yi ta zarya wurin mai shago yana tambayar fitowar ci gaba. Hanya ta biyu masu shagunan kasuwa ne da masu bayar da hayar littafi, waɗanda suka san abin da kowace mai karatu ke so. Ta uku rediyo ce, inda ake karanta labaran daki-daki har wanda bai iya boko ba ya ji. Ta huɗu, wadda ta fi kowacce ƙarfi, ita ce aro: kwafi ɗaya kan zaga gida da unguwa da ɗakin kwanan 'yan makaranta har bangonsa ya cire. Ta hannun fatake ne kuma littattafan suka tsallaka iyaka zuwa Maraɗi da Damagaram.

Ba kowa ya yi maraba da su ba. Ibrahim Malumfashi ya soki ingancinsu, shi ne ma aka fi dangantawa da laƙabin Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu kuma ya kare su, aka daɗe ana muhawara a jaridu. A 2007 an ƙona wasu daga cikinsu a bainar jama'a a Kano, bisa zargin ɓata tarbiyya. Duk da haka, a 2012 aka buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Ingilishi a Indiya, aikin Aliyu Kamal.

Yau kasuwar ta koma cikin waya. Marubuta na sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Facebook da Wattpad, wasu su ba da farko kyauta su sayar da ƙarshe, wato tsohuwar dabarar nan ta na ɗaya da na biyu. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ta fito da sababbin marubuta mata da dama.

Abin da ya kamata ɗalibi ya lura da shi shi ne saurin ɓacewar wannan adabi. Da yawa daga littattafan ba su ɗauke da shekarar bugu, takardarsu ba ta da ƙarko, ba a kuma kai su ɗakunan karatu ba. Jerin da Graham Furniss da abokan aikinsa suka tattara na 1987 zuwa 2002 ya ƙunshi fiye da 700. Na waya kuwa ya fi saurin salwanta, domin idan zaure ya watse labarin ya tafi da shi. Don haka duk wanda ya ci karo da irin wannan rubutu, ya rubuta sunan marubuci da maɗaba'a da gari da ranar da ya same shi, ya adana kwafi. Da irin waɗannan bayanai ne za a rubuta tarihin adabin wannan zamani.