Lasifika a Kan Kabad: Nazarin Jijjigar Sauti a Ɗakunan Zangon Kwatano

A unguwannin Zango da Gbégamey na birnin Kwatano, ɗaki ɗaya kan zama falo da ɗakin kwana, don haka ƙaramar lasifika ba ta da mazauni sai kan kabad ko teburin talabijin. Da an kunna karatu ko waƙa, sai gilashin kabad ya ɗauki kyarma, tangaran da kwanukan jere su shiga ƙara. Akan ɗora wa lasifikar laifi, alhali matsalar tana ƙarƙashinta.

Lasifika tana tura faifan da ke cikinta gaba don ya tura iska, shi kuwa faifan yana mayar da akwatin baya da ƙarfi daidai wa daida, kamar yadda dokar Newton ta uku ta nuna. Wannan turin ne ke ratsa katako. Kowane allo yana da mitar da yake amsawa, kuma siririn allon kabad mai faɗi, wanda cikinsa fanko ne, yakan amsa sautin ƙasa-ƙasa tamkar fatar ganga. Abin da kunne ke ji ke nan: muryar mai karatu ta yi kauri, haruffa su cakuɗe.

Magani biyu ne ke tafiya tare, wato nauyi da laushi. A shimfiɗa roba a kan kabad, a ɗora faffaɗan tayil mai kauri ko dutse, sannan lasifika. A lissafi, robar da ta lotsa da milimita 1 a ƙarƙashin nauyi tana da mita wajen Hertz 16, kuma tana fara tare jijjiga ne daga wajen 22 zuwa sama. Ƙananan lasifikoki ba su cika sauka ƙasa da 50 ba, saboda haka wannan ya wadatar. Abin lura shi ne sai robar ta lotsa kaɗan. Idan ta yi tauri, jijjiga ta wuce salin alin. Idan kuma soson katifa ne da ya baje sarai, shi ma haka. Ƙananan yanka huɗu na tafin silifas, ɗaya a kowace kusurwa, sun fi shimfiɗa guda mai faɗi aiki, domin nauyin yana taruwa a kansu.

Ƙafafun ƙarfe masu tsini da ake tallatawa kuwa, haɗa akwati da katako suke yi, ba raba su ba. A kan daɓen siminti suna da amfani, a kan kabad asarar kuɗi ne.

Yanayin garin ma yana da nasa hannu. Kwatano na tsakanin teku da tafkin Nokoué, danshinsa yana kumbura katako, hunturu ya busar da shi, har gaɓoɓi su saki. Kabad mai sakakkun ƙusoshi ba robar da za ta hana shi kuka, sai kafinta ya ɗaure shi tukuna. Gurnanin da ba ya yankewa ko an tsayar da waƙa kuma daga wutar lantarki mai Hertz 50 yake, aikin mai gyaran rediyo ne.

Kafin ka kashe ko sefa ɗaya, ɗaga lasifikar a hannu tana cikin kiɗa. In ƙarar ta ɗauke, kabad ɗin za ka gyara.