Katanga da Ɗakin Kwana

Makarantar kwana ta boko gadon Turawa ce a ƙasar Hausa. Tun daga Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, aka ɗauko tsarin Ingila na damƙa wa manyan ɗalibai amanar ƙanana. Da wannan tsari makarantun gwamnati suka iso yankinmu na Karaye da Rogo.

A zamanin da na tashi, fargabar iyaye ta koma kan masu fitowa daga daji. An sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara cikin Disambar 2020, sai 'yan mata 279 a Jangebe cikin Fabrairun 2021. Nan da nan gwamnatin Ganduje ta rufe makarantun kwana 10, har da kwalejin gwamnati ta Karaye. Ban ga laifin matakin ba, domin Rogo tana iyaka da jihohin Katsina da Kaduna.

Amma a Yulin 2025 masifar daga cikin gida ta ɓullo. A sakandaren kwana ta Bichi, ɗalibai 2 suka rasu a hannun 'yan'uwansu da sunan horo, 'yan sanda kuma suka kama 11.

A ganina, mun riƙe ikon da aka ba yaro a kan yaro, mun saki sa idon da ya kamata ya raka shi. Maigadi ƙofa yake tsaro, ba ya jin kukan ɗakin kwana. Saboda haka horo ya koma hannun malamai, kuma kowane ɗakin kwana ya samu malamin da ke kwana kusa da shi.