Likitocin Sa-kai: Daga Girgizar Ƙasa Zuwa Gubar Dalma

Ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF, wadda Hausawa ke kira Likitoci Na-gari Na-kowa, ta samo asali ne daga yaƙin basasar Najeriya. Wasu likitocin Faransa da suka yi aikin agaji a Biyafara, ciki har da Bernard Kouchner, su ne suka haɗu da 'yan jarida suka kafa ta a Paris a 1971. Aikinta na farko shi ne na girgizar ƙasar da ta rusa Managuwa, babban birnin Nikaraguwa, a Disamban 1972.

A ƙasar Hausa kuwa, annoba da yunwa ne suka fi kawo ta: sanƙarau a Kano a 1996, tamowa a Maraɗi a 2005.

Aikin da ya fi kusa da mutanen dajin Birnin Gwari, inda ake haƙar zinare, shi ne na gubar dalma. A 2010 aka ga yara suna jijjiga suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, har sama da 400 suka rasu. Ashe dutsen zinaren da ake dakawa a turmi, a tsakar gida, cike yake da dalma, yara na rarrafe a cikin ƙurarsa. Wahalar ita ce magani ba ya ci sai an kankare gurɓatacciyar ƙasar gidan an zuba sabuwa, don haka likitocin sukan jira a gama wannan tukuna. A 2015 cutar ta ɓulla a Shikira, a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, maƙwabciyar Birnin Gwari, suka kai ɗauki can ma.